Yadda ake hayar mota mai ɗaki don zagaya ƙaramin gari a bakin teku

Mota mai ɗaki ita ce wadda aka shirya cikinta da gado da murhu da firji da famfo, sau da yawa har da ɗan ƙaramin banɗaki, ta yadda matafiyi zai tuƙa ta da rana, ya kwana a cikinta da dare. Yawancin waɗanda suka yi hayarta a karon farko suna fita ne da niyyar cin dogon zango, a kwana yau a nan, gobe a can, sai su koma gida a gajiye, ba su ga komai ba sai kwalta da gidajen mai. A ganina amfaninta ya fi fitowa idan aka zaɓi ƙaramin gari guda a bakin teku, aka sama mata wuri mai kyau aka ajiye ta kamar gida, sannan aka riƙa fita daga cikinta a ƙafa ko a keke ana dawowa, ba a tayar da injinta sai za a je inda ƙafa ba za ta kai ba. A kan wannan tsarin na gina duk abin da ke tafe.

Garin ake fara zaɓa kafin mota

Garin da za ka je shi ne zai faɗa maka irin motar da za ta iya shigarsa. Tsofaffin garuruwan masunta an gina su ne tun kafin zuwan mota, saboda haka za ka tarar da matsattsun lunguna masu gangarawa zuwa ruwa, da kwanar da ba a hango abin da ke bayanta, da barandar bene da ta leƙo kan hanya. Ka buɗe taswira a intanet, ka duba hotunan titunan idan akwai su, ka bi hanyar da ido tun daga babban titi har zuwa inda kake sa ran kwana. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a sami filin zango na masu irin wannan mota wanda bai wuce tafiyar rabin awa a ƙafa daga tsakiyar gari ba, kuma yana da wurin ɗibar ruwa da wurin zubar da ƙazanta. Ka kira masu filin ka tabbatar suna buɗe a ranakun da ka zaɓa, domin da yawa daga cikinsu suna rufewa idan lokacin baƙi ya wuce. Wanda yake neman shiru ya fi dacewa ya je kafin a ba 'yan makaranta dogon hutu, ko bayan sun koma, lokacin da garin ya koma hannun masu shi.

Idan ka san garin, sai ka zo kan mota. Mafi ƙanƙanta ita ce wadda tsawonta bai wuce mita 5 ba, tsayinta kuma yana ƙasa da mita 2, rufinta ana ɗaga shi ne idan an tsaya. Tana shiga duk inda ƙaramar mota take shiga, amma yawanci ba ta da banɗaki. Sai matsakaiciya, wadda aka mayar daga motar ɗaukar kaya, mai tsawon kusan mita 6 da tsayin da ya haura mita 2 da rabi, mutum yana miƙewa tsaye a cikinta, kuma tana da banɗaki da wurin wanka. Sai babbar, mai tsawon mita 7 ko fiye, faɗinta ya kai mita 2.3, tsayinta kusan mita 3. A hoto babbar ce take jan ido, amma a ƙaramin gari ita ce take zama kaya. Wuraren ajiye motoci na bakin teku da yawa suna da ƙarfe a giciye a ƙofar shiga, a tsayin kusan mita 2, an sa shi ne musamman don hana manyan motoci shiga. Shawarata ita ce ka ɗauki mafi ƙanƙantar motar da za ta ɗauke ku ba tare da takura ba. Ga mutum biyu, ko biyu da ƙaramin yaro, matsakaiciyar ta isa.

Akwai wani abu da ake yawan ruɗewa a kansa. Yawan gadaje daban, yawan kujeru masu bel daban. Mota tana iya kwanar da mutum huɗu amma kujerunta masu bel biyu ne kawai, kuma ba a yarda kowa ya zauna a gado ko ya tsaya a wurin girki ana cikin tafiya ba. Ka ƙirga kujerun bel kafin ka ƙirga gadaje, idan kuma akwai jariri ko ƙaramin yaro, ka tambaya ko kujerarsa ta mota za ta ɗauru a wurin.

Takardu da yarjejeniya

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babu inda wannan maganar ta fi zama gaskiya kamar batun lasisi. A ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya, ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce lasisin ƙaramar mota yana ba ka damar tuƙa abin da nauyinsa gaba ɗaya bai wuce kilo 3,500 ba, shi ya sa yawancin motocin haya a can aka ƙera su daidai wannan iyakar. Idan za ka tsallaka wata ƙasa, mai yiwuwa a nemi ka nuna takardar izinin tuƙi ta ƙasa da ƙasa. Iri biyu aka fi sani, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Janeba ta 1949, mai aikin shekara ɗaya, da ta yarjejeniyar Biyana ta 1968, wadda ke iya kaiwa shekara uku, kuma kowace ƙasa da irin wadda take karɓa. A ƙasar da ta ba ka lasisi ake yin ta kafin ka tashi, kuma ba ta aiki ita kaɗai, dole ka riƙe lasisinka na asali tare da ita. Kamfanonin haya su ma suna da nasu sharuɗɗan, mafi yawa suna neman direba ya kai shekara 21 ko 25, kuma ya kasance ya riƙe lasisi na aƙalla shekara ɗaya ko biyu. Duk wanda zai taɓa sitiyari a tafiyar, ko da na awa ɗaya ne, sai an rubuta sunansa a takarda, in ba haka ba inshora ba ta san da shi ba.

Yarjejeniyar haya takarda ce da ya kamata a zauna a karanta tun a gida, kafin a biya ko sisi. Kuɗin da aka tallata na kowane dare ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Ka duba ko an ƙayyade kilomitar da za ka yi a rana, ko zanen gado da tukwane da kujerun waje suna ciki ko ana biyansu daban, ko akwai kuɗin shara, ko an yarda ka hau jirgin fito da motar ko ka tsallaka iyaka. Sannan ka tsaya sosai a kan abu biyu. Na farko kuɗin jingina, wanda ake riƙewa a katin bankinka har ka dawo da mota lafiya. Wasu kamfanoni katin bashi kaɗai suke karɓa, kuma da sunan direba, saboda haka ka tambaya tun da wuri. Na biyu, a kusan kowace inshorar haya akwai kason farko na kuɗin gyara da yake wuyan mai haya, ana kuma iya rage shi da ƙarin biya. Amma abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne jerin abubuwan da inshorar ta ce babu ruwanta da su. Yawanci za ka ga rufin mota a ciki, da ƙarƙashinta, da tayoyi, da gilashin gaba, da rumfar gefe, da zuba man da ba nata ba, da duk ɓarnar da ruwan gishiri ya yi ko ta faru a kan rairayi ko hanyar da ba kwalta. Ka lura da cewa kusan duk waɗannan su ne ainihin hatsarorin bakin teku, don haka wannan shafin ya shafe ka fiye da kowane mai haya.

Ranar karɓar mota

Ka ware awa ɗaya cur don karɓar mota, kada kuma ka yarda a gaggauta ka. Ka nemi a ba ka ita da hantsi ko da azahar, domin ka isa zango da sauran rana. Wanda ya sauko daga doguwar tafiyar jirgin sama ya fi kyau ya kwana a masauki ya huta, washegari ya karɓi mota.

Ka fara da zagaya ta da wayarka kana ɗaukar bidiyo a hankali, kana nuna kowane ƙarzo da lotsawa, da bamba, da madubai, da gefen tayoyi, da gilashi. Ka nemi tsani ka leƙa rufin, ko ka ɗaga wayar sama ka ɗauka. Na taɓa karɓar mota ban duba samanta ba, da na dawo da ita ma'aikacin ya hau tsani ya nuna mini doguwar ƙarzuwa a gefen tagar rufi. Na tabbata a raina ban shiga ƙarƙashin wata bishiya ba, amma ba ni da hoton da zan nuna, haka aka cire kuɗin daga jinginata. Duk abin da ka gani, ka sa a rubuta shi a takardar karɓa kafin ka sa hannu, tare da yawan man da ke tanki da kilomitar da ke kan allo.

Daga nan sai koyon cikinta. Kada ka tsaya kana kallo ana nuna maka, ka ce a bar ka ka yi kowane abu da hannunka, domin abin da ido ya gani da rana yakan ɓace idan dare ya yi. Motar tana da batir biyu, ɗaya na tayar da inji, ɗaya na ɗaki, mai ba fitilu da famfo wuta, kuma akwai allon da ke nuna ƙarfinsa da yawan ruwan da ya rage a tanki. Ka san inda makunninsa yake. Ka buɗe akwatin tukunyar gas, ka murɗa kanta ka rufe, ka sake buɗewa, ka tambaya ko akwai ta biyu da yadda ake sauya ta. Ka tambayi irin gas ɗin da ke ciki idan za ka je wuri mai sanyi, domin butan yana daina fita sosai idan sanyi ya kusa daskarar da ruwa, furofan kuwa yana aiki har cikin tsananin sanyi. Ka kunna murhu, ka kunna na'urar ɗumama ɗaki da ta ruwan zafi. Ka tambayi irin firjin, domin akwai wanda batir kaɗai yake ci, akwai kuma mai hanya uku, wanda ke aiki da batir ana tafiya, da lantarki idan an jona, da gas idan an tsaya a inda babu wuta.

Sai banɗaki, wanda mutane suke jin nauyin tambaya a kansa, alhali shi ya fi buƙatar tambaya. A ƙarƙashin mazauninsa akwai wani akwatin roba da ake zarowa ta wata ƙaramar ƙofa a wajen mota, yawanci bai kai lita 20 ba. Tsakaninsa da mazaunin akwai marfi da ake buɗewa da ɗan hannu kafin a yi amfani, a rufe bayan an gama. Idan marfin yana buɗe akwatin ba zai zaru ba, wanda ya ja da ƙarfi kuma zai karya shi. Ka zaro shi sau ɗaya a gaban ma'aikacin tun yana wanke, ka ga bututunsa da maɓallin shigar iska, ka mayar.

Kafin ka fita, ka tabbatar ka bambance ƙofar zuba mai da ƙofar zuba ruwan sha, domin dukansu a jikin mota suke, kuma an sha samun wanda ya ɗura dizal a tankin ruwa, abin da ke jawo sauya tankin da bututunsa gaba ɗaya. Yawancin sababbin motocin dizal suna da ƙofa ta uku mai shuɗin marfi ta ruwan AdBlue, mai rage gubar hayaƙin inji, shi ma wurinsa daban. Ka danna na'urar gargaɗin hayaƙi da ta gubar iska ka ji ƙararsu, ka ga inda tukunyar kashe gobara take. A ƙarshe ka rubuta tsayin motar da faɗinta da tsawonta a 'yar takarda, ka manna a gaban sitiyari inda idonka zai riƙa faɗawa.

Lodi da hanya

Ka zo da kayanka a jakar da ake naɗewa, domin akwati mai tauri ba shi da wurin zama a ciki. Nauyin da aka yarda motar ta ɗauka bayan nata ba shi da yawa, kuma mutane da kaya da ruwa duk a cikinsa suke. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin lita 100 a cike ya fi nauyin babban mutum guda, saboda haka ka yi tafiya da kaɗan, ka cika idan ka isa. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, tsakanin tayoyin gaba da na baya, marasa nauyi a kabad ɗin sama. Kafin kowace tashi, ko da zuwa gidan mai ne, ka rufe gas daga tukunya, ka kulle kabad da firji, ka sauke tagogin rufi, ka cire wayar lantarki, ka naɗe rumfa, ka shigar da matakalar ƙofa, sannan ka zagaya motar sau ɗaya a ƙafa.

A kan hanya ka tuna cewa ta fi motarka ta kullum nauyi, birkinta yana buƙatar wuri, don haka ka bar tazara mai yawa. Ka shiga kwana a buɗe, kana kallon madubi, domin bayanta yana lilo zuwa waje idan ka juya. A gangara mai tsawo ka sauke giya, ka bar inji ya riƙe ta, kada ka kwanta a kan birki har ya yi zafi. A hanyoyin gaɓa iska takan buge ta daga gefe ba zato, musamman a kan gada ko inda tsauni ya ƙare, sai a rage gudu a riƙe sitiyari da hannu biyu. Taswirar waya ba ta san tsayin motarka ba, tana iya tura ka ƙarƙashin gajeriyar gada ko cikin lungun da ba ya ɓullewa, saboda haka allon gefen hanya ya fi ta gaskiya. Idan za a yi ribas, abokin tafiya ya sauka ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, idan ya ɓace maka ka taka birki. Idan motoci suka taru a bayanka a siririyar hanya, ka raɓe a wuri na farko da ya samu su wuce, domin su mutanen garin ne, aiki za su.

Inda ake kwana

Hoton mota ita kaɗai a bakin ruwa da faɗuwar rana shi ne ya jawo mutane da yawa, amma a wurare da dama doka ba ta yarda da shi ba, kuma dokar takan bambanta daga wannan ƙaramar hukuma zuwa waccan. A Sikotilan dokar 2003 ta ba jama'a 'yancin shiga daji har da kafa tanti, amma 'yancin bai haɗa da mota ba. A Niyu Zilan dokar 2011 ta ba hukumomin yanki ikon ƙayyade inda za a kwana, kuma wurare da yawa sai motar da ke da shaidar tana riƙe ƙazantarta a cikinta. A Faransa garuruwa da yawa sun tanadi fili na musamman don waɗannan motoci, mai famfo da wurin zubar da ruwa. Ko'ina ka je, ka karanta allon da ke wurin, idan ba ka gane ba ka shiga ofishin baƙi na garin ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. Ga mai hayar farko, filin zango na biya shi ne kwanciyar hankali, aƙalla a darare biyun farko.

Idan an nuna maka wurinka, ka sauka ka taka ƙasar kafin ka shigar da mota, domin ciyawar da ta sha ruwa tana riƙe mota mai nauyin tan uku. Ka duba inda iska take fitowa, ka juya mata hanci ko baya, kada ka ba ta gefen da ƙofa take. A bakin teku iska takan taso daga ruwa zuwa tudu da rana, ta juya da dare, kuma tana iya ƙarfi cikin 'yan mintuna, saboda haka kada ka bar rumfa a buɗe idan za ka fita ko za ka kwanta. Ka daidaita motar da matakan robar da ake sawa ƙarƙashin taya. Kofin ruwa a kan tebur ya isa ya nuna maka inda ta karkata. Ba don daɗin barci kaɗai ake yin wannan ba, firji mai aiki da gas ba ya sanyi sosai idan mota ta karkace, ruwan wanka ma ba ya gangarawa.

Wajen jona lantarki, ka warware wayar gaba ɗaya domin naɗaɗɗiyar waya tana ɗaukar zafi, ka fara jona ta a jikin mota sannan a turken wuta, idan za ka cire kuma ka fara da turken. Ka tambayi ƙarfin wutar filin. Inda wuta take da bolt 230, turke mai amfiya 6 yana ba da wat 1,380 ne kacal, mai 10 yana ba da 2,300, mai 16 kuma 3,680. Butar lantarki ta gida ita kaɗai tana iya cin wat 2,000, shi ya sa wuta take ɗaukewa da zarar an haɗa ta da hita.

Akwai gargaɗi guda da ba na so a wuce shi da sauri. Duk abin da ke ƙonewa a rufaffen wuri yana iya fitar da gubar iskar da ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri da barci, tana kuma kisa. Kada a ɗumama ɗaki da murhun girki, kada a shigo da gawayi ciki ko da ya yi kamar ya mutu, kada a toshe ramukan iskar da ke jikin mota da ƙasanta don jin sanyi. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, ta waɗannan ramukan yake fita. Ka bar tagar rufi a ɗan buɗe da dare, hakan kuma yana rage raɓar da za ka tarar ta lulluɓe gilashi da safe.

Teku da lokutanta

Wanda bai tashi a gaɓa ba yakan ɗauka inda ya ga ruwa nan ne iyakarsa. A yawancin gaɓoɓin duniya teku tana cikowa sau biyu ta janye sau biyu a kwana guda, tsakanin cikowa da cikowa kusan awa 12 da minti 25, saboda haka lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. Jan wata da rana ne ke haddasa wannan, kuma cikowar ta fi girma kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar sabon wata da bayan cikarsa, wato kusan kowane mako biyu. Girmanta ya danganta da wuri. A mafi yawan gaɓar Bahar Rum ba ta kai rabin mita ba, a mashigin Fandi na Kanada kuwa tana kaiwa kusan mita 16. Akwai ma hanyoyin mota da teku ke rufewa sau biyu kullum, kamar wadda ke zuwa tsibirin Lindisfan a arewa maso gabashin Ingila.

Don haka abin da za ka fara nema a garin shi ne jadawalin cikowar ruwa, ana manna shi a matsayar jiragen masunta, yana kuma intanet. Masu jirgi suna da wani lissafi mai sauƙi da ya kamata ka riƙe. Idan aka raba tashin ruwan gida 12 cikin awa shida, awar farko kashi ɗaya yake tashi, ta biyu kashi biyu, ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, sannan ya koma biyu, ya koma ɗaya. Ma'anarsa rabin ruwan gaba ɗaya a cikin awa biyun tsakiya yake zuwa, lokacin da mutum ya riga ya saki jiki saboda ya ga awar farko ba ta yi komai ba. A shimfiɗaɗɗen rairayi kuma ruwan ba ta gabanka yake fara zuwa ba. Kana tsaye kana kallon igiyoyi can nesa, shi kuwa ya bi ta 'yan kwaruruwan da ke bayanka, waɗanda ka tsallake ɗazu ba ka ko lura da su ba, yana malala shiru kamar an buɗe famfo, sai ka waiwaya ka ga ka zama a tsibiri. Idan za ka zagaya wani dutse ko ka shiga wani lungun gaɓa, ka tashi lokacin da ruwa yake janyewa, ka dawo kafin ya juyo. Motar kuwa kada ta taka rairayi ko kaɗan, kada kuma a bar ta a kan gangaren da ake tura jirage ruwa.

Mai son iyo ya shiga inda akwai masu ceto, tsakanin tutocin da suka kafa, waɗanda a ƙasashe da yawa ja da rawaya ne, jar tuta ita kaɗai kuma tana nufin kada a shiga. Idan ka ji ruwa yana jan ka zuwa ciki, kada ka yi kokawa da shi kai tsaye, ka kwanta a kansa ka ɗaga hannu, ko ka yi iyo a gefe, daidai da layin gaɓa, har ka fita daga inda yake ja. Ka ajiye lambar gaggawa ta ƙasar a wayarka, 112 a Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada.

Zagaya gari da kewayensa

Ranar farko ka bar makulli a aljihu, ka shiga gari a ƙafa da sassafe, lokacin da jiragen masunta suke shigowa, ka zauna a gefe ka ga yadda garin yake farkawa. Ka sayi abin da kake buƙata a hannun mutanen garin maimakon ka cika mota da kaya tun daga birni, domin baƙon da ya cinye wurin ajiye motoci uku bai sayi ko allura ba shi ne yake sa a kafa allon hana kwana. A wurin ciniki kuma ake jin inda hanyar ƙafa ta bi ta kan tsauni, da lungun da ruwa yake da kyau, da wanda ba a zuwa. Rana ta biyu ka bi gaɓa ta hannu ɗaya, ta uku ka bi ɗaya hannun, kana nisantar bakin gangaren dutse domin ƙasansa yakan zaizaye ba a gani daga sama, kana kuma bin hanyar da aka shata a kan tuddan rairayi, saboda ciyawar da ke kansu ita ke riƙe su. Wurare masu nisa, kamar hasumiyar fitila ko ƙauyen da ke cikin tudu, ka haɗa su a rana guda, ka fita da motar da wuri, ka haɗa da shan mai da sayayya. Idan akwai bas ko jirgin fito, sau da yawa sun fi tayar da gida gaba ɗaya sauƙi.

Sauti yana tafiya nesa a kan ruwa da dare. Ƙofar gefe ta waɗannan motoci tana da ƙara, a rufe ta a hankali, a kashe fitilar waje, kada a tayar da inji ko janareta bayan mutane sun kwanta.

Kowane kwana biyu ko uku aikin ruwa zai taso. Ruwan wanke-wanke da na wanka yana taruwa a tankinsa daban a ƙarƙashin mota, ana kai motar kan magudanar da aka tanada a buɗe masa famfo. Ba a zubar da shi a kwatar titi, domin a garin gaɓa kwatar takan faɗa teku kai tsaye. Akwatin banɗaki kuma wurinsa daban. Ka sa safar hannu, ka juya bututun, ka cire marfinsa, ka karkata shi sannan ka danna maɓallin iska domin ya zuba ba tare da fantsama ba, ka ɗauraye shi sau biyu, ka zuba maganinsa da ɗan ruwa, ka mayar. Tiyon da ake ɗauraye shi da shi ba a cika tankin sha da shi, ko da ya fi kusa.

Mayar da mota

Daren ƙarshe ka kwana a inda bai wuce tafiyar awa ɗaya ko biyu daga kamfanin ba, domin yawancinsu da safe suke karɓa, jinkiri kuma yana da tara. Ka zubar da ruwan datti, ka wanke akwatin banɗaki, wanda barinsa da ƙazanta yana cikin abubuwan da aka fi cajin mutane a kai. Ka kwashe firji, ka share rairayin da ya shiga ƙarƙashin kujeru da layin ƙofa, ka leƙa kowane kabad da aljihun bayan kujera, ka cika tankin mai a gidan mai mafi kusa ka riƙe rasit. Idan wani abu ya fashe ko ya lalace a hannunka, ka faɗa da bakinka kafin a gano. Ka sake ɗaukar bidiyon motar ciki da waje da sama kamar ranar farko, ka tsaya a duba ta a gabanka, kada ka ajiye makulli ka tafi. Ka karɓi takardar da aka sa wa hannu cewa an karɓe ta lafiya, ka tambayi ranar da za a saki kuɗin jingina, domin banki yakan ɗauki 'yan kwanaki kafin ya nuna, ka kuma ajiye hotunan da takardar har sai ka ga kuɗin sun dawo asusunka.